Tafkin da Su Baba Suka Haƙa

Lahadi, bayan isha'i

Yau na kai Baba tafkin ƙauyenmu, wanda suka haƙa da hannu don noman rani tun yana saurayi. Yanzu an kewaye shi da waya, an jera kujeru ƙarƙashin mangwaron da ya dasa, baƙi daga Dutsin-Ma sai ɗaukar hoto suke.

Baba ya duƙa zai yi alwala, mai gadi ya ce, "Dattijo, ba a taɓa ruwan nan, na kallo ne."

Na buɗe baki, Baba ya riƙe mani hannu. Albasarmu kuwa ga ta can bayan waya tana bushewa.

Ko tuwo bai ci ba. Ni na matsa mashi mu je, abin da ke cina ke nan.