Zaren Kitso a Safar Gola

Tarauni, 7 ga Yuni, 1999

Zahra'u mai jego,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da jaririya kuna lafiya. Ya ruwan zafi?

'Yan ajina sun haukace a kan wasu littattafai, Asirin Raga, na wani Ƙasimu Lawan. Guda uku na ƙwace a ƙarƙashin benci. Wai labarin wani gola ne da ya ɓace, ana ta binciken inda ya shiga. Kin san tun da maigidana Ishaku ya ɓace ba na iya taɓa abin da ya shafi ƙwallo. Ga su nan Tanko direba zai miƙo miki. Ki karanta ki gaya min ko sun dace a bar wa yara.

Surukina, Baba Ezekiel, ya sa ranar 26 don addu'ar rasuwar Ishaku a coci. Ya ce shekara uku ke nan, sojoji sun koma bariki, duk ɗan jarida irin Ishaku da ya gudu ya dawo, wanda bai dawo ba ya mutu.

Ki gaida maigida.
Taki, Naomi

Gyadi-Gyadi, 11 ga Yuni

Malama sarkin ƙwace,

Ina amsawa. Ruwan zafi kam Inna ta kusa dafa ni. Littafin farko shirme ne, tun shafi na goma na gano mugun. Na biyu ya sa kununa ya huce ban sani ba.

Amma Naomi, ki zauna kafin ki ci gaba. A na biyu matar golan ta ɗinke masa safar hannunsa ta hagu da baƙin zaren kitso, ya ce ba mai wanke ta har abada. Ni na ba ki zaren nan a ɗakina, ranar da Ishaku zai tsare wa 'yan unguwarku raga. Ko kin taɓa gaya wa wani? A na uku kuma ƙofar gidan golan shuɗiya ce, da tabon fenti a dokin ƙofa, sak irin taki. Yaushe kika yi wa taki fenti?

Da ba don arba'in ba da da ƙafata zan zo. Ga littattafan Tanko zai dawo miki da su, ki duba bangon baya, akwai lambar akwatin gidan waya inda masu karatu ke aika ra'ayinsu.

Allah ya sa mu ji alheri.
Zahra'u

Tarauni, 13 ga Yuni

Zahra'u,

Ina gaisuwa. Ban gaya wa kowa ba. Fentin kuwa Kirsimetin da ta wuce na yi, shekara biyu da rabi bayan tafiyarsa.

Na karance su duka, har na manta da tukunya a wuta. Idan shi ne, me ya sa zai tsaya ya kalli ƙofata ya wuce? Idan kuma wani ne da aka tsare su tare a kurkuku ya kwashe labarinsa? Wannan na fi tsoro. Na rubuta wa akwatin.

Ki sa ni a addu'a.
Naomi

Tarauni, 13 ga Yuni

Zuwa ga Malam Ƙasimu Lawan,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni malamar makaranta ce. An tambaye ni ko littattafanka sun cancanci karantawa, na ce sai na ga ƙarshe. Ina so ka sani ranar 26 ga wata za a yi wa golanka addu'ar mutuwa. 'Yarsa Lydia ta fara karatu, ba ta san muryarsa ba. Idan yana raye, matarsa ba za ta tambaye shi komai ba. Idan ya mutu, ka faɗa mata inda yake kwance.

Na gode.
Mai shuɗiyar ƙofa

Tarauni, 24 ga Yuni

Zahra'u,

Barka da war haka. Yau na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa, babu kan sarki, babu takarda a ciki. Safar hagun ce, ba a taɓa wanke ta ba, ɗinkin ya warware.

Ban san hannun da ya turo ta ba. Na dai je na durƙusa gaban Baba na ce ba zan shiga coci jibi ba.

In da sauran zaren nan, ki ba Tanko.

Naomi