Tumaki Biyu Maimakon Rance Ta Waya

Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Abijan da iyali? Mu nan Tawa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kuɗin da ka aiko in zuba a manhajar nan mai haɗa masu ajiya da masu neman rance, ban zuba ba. Na tambayi wakilinsu, “In wanda ya ranta bai biya ba, wa zai biya mu?” Ya ce, “Malama, asarar mai kuɗi ce.” Sunan mai rancen ma ba a faɗi.

Sai na sayo maka tumaki biyu a kasuwar garin Takanamat. In ranka bai so ba, suna nan ɗaure, a sayar.

Ka gaida matarka Hadiza, ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rabi