Iskar da Garth ya bari a keke

Derby, watan Fabrairu

Zuwa ga Yaya Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Col da jikoki. Yaya gwiwar taki? Ni dai lafiya lau, sai kewar marigayi mijina Garth. Har yanzu in na ji mota a ƙofar gida sai in ɗaga kai.

Yaya, zauna kafin ki karanta sauran. Zan shiga tseren keke na cikin daji, wanda Garth yake shiga duk shekara da abokansa uku. Kin san su: tsoho Vern manomin dankali, da Tamsin ma'aikaciyar jinya, da Ivo mai raba wasiƙu. Tseren karɓa-karɓa ne. Mutum ya zagayo dutsen ya dawo, ya cire zoben roba daga hannunsa ya ba na gaba. Doka kuma ita ce kowa cikin huɗun sai ya yi zagaye ko da ɗaya, in ba haka ba a soke ƙungiyar gaba ɗaya.

Vern ya same ni a gidan burodi ina tsakiyar aiki. Na ce masa ga samari masu ƙarfi cike da gari, me zai yi da mace mai shekara hamsin da wani abu? Ya ce, "Glen, da masu sauri muke nema ai da ba mu ɗauki mijinki ba. Mutumin da ke tsayawa tsakiyar tsere ya gyara wa abokin hamayya sarƙa!" Na yi dariya, sai kuma hawaye ya zubo mini a kan gari. Ya ce ko ni, ko su haƙura da bana.

Na sauko da keken Garth daga inda ya rataye shi. Kada ki yi mini faɗa. Ki gaida Col.

Ƙanwarki,
Glenys


Derby, watan Maris

Yaya Merle,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, faɗan ma ya iso. Na ji daɗi da likita ya ce gwiwar ba sai an yi aiki ba.

Gaskiyarki, na faɗi. Ba sau ɗaya ba. Cinyata ta hagu ta yi baƙi ƙirin, amma babu karaya. A wani gangare mai saiwoyin itatuwa keken ya riƙa wurgi da ni sama, na ƙarshe ya zubar da ni cikin taɓo. Tamsin ta ɗaga ni, ta danna sirdin da hannu, ko motsi bai yi ba. Ta ce, "Haba Glen! Wannan ai an cika shi ne don ƙato irin Garth. Ke nauyinki nawa, buhun gari ɗaya?"

Ke ba ki san kekunan nan ba, bari in gaya miki. Suna da shokazoba gaba da baya, iska ake hura musu daidai nauyin mai hawa, don su lotsa su shanye duwatsu. Garth ya kusa ninka ni. Ni in na hau, kamar na hau katako. Tamsin ta fito da ɗan famfonta za ta rage iskar, na riƙe mata hannu.

Yaya, shi ya hura iskar nan. Ina kallonsa ta taga, a baranda, yana feɗuwa, makon da zuciyarsa ta tsaya. Na ba da rigunansa, na ba da takalmansa, motar ma ɗanmu ya tafi da ita. Wannan kaɗai ya rage yadda hannunsa ya bar shi. Na san iska ce kawai. Na sani.

Vern ya fusata, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Na ɗauki akwatin gawar mutum ɗaya daga gidanku, kafaɗata ba ta sake ɗaukar wani. Ko a rage, ko ba ki hawa." Na ce to ya ɗora buhun dankalinsa a keke ya zama na huɗu. Na turo kekena na dawo gida, ban ko waiwaya ba. Ivo ya kawo wasiƙarki jiya, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ba su sa sunan kowa a gurbina ba, kuma ba za su sa ba. Ke nan in ban hau ba, na hana mutum uku tsere.

Ki sa ni a addu'a, kaina ya ɗaure.

Taki,
Glenys


Derby, watan Afrilu

Yayata,

Ina gaisuwa, ina gaida Col da yara. Sanyi ya fara shigowa nan, ina fata kina rufe gwiwar.

Na rage iskar. Ko in ce na yi niyyar ragewa. Wata safiya na shiga rumfar ajiya ni kaɗai, na ce in dai dole a taɓa, hannuna zai taɓa, kuma kaɗan zan fitar in bar masa saura. Na kwance murfin bakin iskar, na danna bakin da ƙusa. Yaya, ashe ba irin ta taya ba ce mai fita a hankali. Fuu ɗaya ta yi, duka ta fice. Keken ya durƙusa a gabana kamar tsohuwar saniya. Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gaji. Can kuma sai dariya ta kama ni, don na san abin da zai ce: "Glen, wa ya aike ki da ƙusa?"

Abin da ban sani ba, mutum ɗaya ba ya iya daidaita shi. Sai ka hau da hular kwano da duk kayanka, wani ya riƙe maka keken, wani ya hura, wani ya duba yadda ya lotsa. Dole na kira Vern. Bai ce mini komai ba sai "Ɗora ruwan shayi." Su uku suka zo. Vern ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya riƙe kan keken, Ivo yana famfo, Tamsin ta tsuguna tana aunawa. Vern ya ce, "Daina riƙe numfashi, ba hoto za a ɗauke ki ba." Ivo ya ce, "Tsoho, kai dai riƙe da kyau." Sai a lokacin Vern ya gaya mini shi ke riƙe wa Garth haka duk farkon shekara. Sirdin ma sun sauke mini shi.

Ranar tseren an yi yayyafi. Tamsin ta dawo daga zagayenta ta zura mini zoben, ta buge ni a baya. Hawan dutsen ya kusa kashe ni. Yara sa'annin ɗanmu suna zuwa ta bayana suna cewa, "Ta damanki, Mama, in kin samu wuri!" In kauce, su wuce suna godiya. Wurin manyan duwatsun na sauka na tura, ban ji kunya ba. Amma gangaren saiwoyin nan, Yaya, a kan keke na sauko shi. Ya riƙa lotsawa a ƙarƙashina yana shanye komai, ban san lokacin da na fara ihu ba.

Da na iso, Ivo ya miƙo hannu yana cewa, "Glen, gemu ya fito mini ina jira!" Vern ya juya baya wai yana neman wani abu a mota. Mu ne na biyun ƙarshe. An kira sunan ƙungiyarmu a lasifika tare da sauran, ba a soke mu ba.

Ga wani abu da ban gaya miki ba don kada hankalinki ya tashi. Tun jana'iza ban ji yunwa ba, turawa kawai nake. Ranar nan, tsaye da taɓo har wuya, na ci soseji biyu cikin burodi da albasa, na karɓe rabin na Vern. Tamsin ta ce in na ci gaba a haka, kafin wata biyu sai sun sake zuwa an ƙara wa keken iska. Na ce su zo.

Ki sumbaci jikoki a madadina.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys