Sun Kewaye Kabarin Inna

Ƙanena Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Attajirin ƙasar wajen nan da ya saya wa ɗan takararmu motocin kamfen ya karɓi ladansa. An ba shi filin gabas, ya kewaye da waya, har da maƙabartar da Inna take. Ran Juma'a na je ziyara, mai gadi ya hana ni shiga.

Na bi zaɓaɓɓen namu, yaron da na koya wa karatu, har Gumel. Ya ce, "Malam, haƙuri, sai na tuntuɓi maigida." Wai attajirin ne maigida!

Ka sa mu a addu'a. Gai da Hajara da yara. Na so a binne ni kusa da Inna.

Yayanka,
Garba