Kajin Addu'ar Kwana Dubu

Boyolali, farkon damina

Sundari 'yata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Bogor? Buhunki ya iso. Na shinshina, na ji tunkuzar kwakwa ce aka tace. Kin ce ba magani ba ne, abinci ne na ƙwayoyi masu amfani da ke hanjin kaza, in sun ƙoshi sai su hana miyagun wurin zama. Ni da na fara kiwo a bayan madafa, na gina akurki biyu da hannuna, yau zan ciyar da abin da ido ba ya gani?

Kin san alkawarina. Ranar addu'ar kwana dubu ta mahaifiyarki, duk ƙauyen nan kajina zai ci, ba na kasuwa ba. Don haka akurkin bakin rafi kawai zan zuba wa garin tunkuzar nan taki, dama danshi ya dame shi. Na tudu kuwa, yadda na saba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Sarwidi

Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji, na yarda. Amma a fara gauraya musu tun suna tsaki, kullum, kada a jira sai sun kwanta. Kuma garin ba laya ba ne: a riƙa wanke takalmi a ƙofar akurki. Don Allah ka hana maƙwabcinmu Mbah Karjo leƙe-leƙe da silifas ɗin nan nasa.

Na ɗauki hutu, zan zo addu'ar.

'Yarka mai biyayya, Sundari

Sundari,

Bayan gaisuwa, ciwo ya shigo ƙauye. Farin zawo, fukafukai a ƙasa. Na tudu kullum da safe sai na kwashe gawa a kwando. Jiya Karjo ya tsaya a bakin shinge yana cewa, "Kai Sarwidi, sarkin kaji, kada ka damu, da soyayyen waken suya ma Allah yana karɓar addu'a!"

Na rafi wasu sun yi lakwas, kaɗan sun mutu, sauran sun miƙe suna wawar abinci. Ban sani ba ko za su kai ranar. Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki

'Yata,

Ina fata kin sauka lafiya. Kin dai gani da idonki: shinkafa da kaza cikin ruwan kwakwa, babu gidan da bai samu ba. Karjo cinya biyu ya ci. Da kika tafi liman ya tambaye ni sirrin da ya sa kajin rafi suka tsira, na ce 'yata ce. Na kuma tuna masa wanda ya haife ta.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki a tashar mota. Kin fitar da ni kunyar mahaifiyarki. Na gode.

Ki aiko buhu biyu.

Mahaifinki, Sarwidi