Yadda Aka Tura Ni Birnin Bolonya Ni Kaɗai

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran shugabanni, ina yi maka barka da kaka. Allah ya sanya albarka a abin da aka girbe.

Sunana Malama Rabi. Malamar firamare ce ni a wani ƙauye da ke gefen Dawakin Tofa, kuma ni nake jagorantar matan garinmu masu yanka tumatir suna shanya kauɗa. Ni ce wadda ƙungiya ta tura ƙasar Italiya da daminar nan domin koyon sarrafa tumatir. Na dawo lafiya, kuma da wannan nake son farawa. Har yanzu idan na idar da sallar asuba na ji maƙwabta sun fara daka, sai in ji wani sanyi ya ratsa ni, in ce alhamdulillahi, ga ni a ɗakina. Ba da fushi nake wannan rubutu ba, fushin ya huce tun a can. Sai dai na yi ta zarya ofishinmu na Rijiyar Zaki don in gan ka, kullum a ce mini ba ka nan. Shi ya sa na zaɓi in faɗi maganar a fili.

Na farko, abin da aka alkawarta mana. Lokacin da aka zaɓe ni, maigidana Malam Ilu bai amince nan take ba. Ban taɓa wuce Kaduna ba, ga hawan jini ina fama da shi. Sakataren ƙungiya da kansa ya zo har zaurenmu, ya sha fura, ya ba shi tabbacin cewa tawaga ce za ta tafi, akwai wata Hajiya daga Bici da za mu zauna ɗaki ɗaya, akwai kuma jagora da ya san hanya. Malam ya tuntuɓi limaminmu, aka ce masa idan cikin amintacciyar tawaga ce babu laifi. A kan wannan sharaɗi ya sa mini albarka. A kan sa kuma tsohuwata ta daina kuka.

Na biyu, abin da ya faru a filin jirgi na Kano, kuma nan ne ainihin kokena. Na isa da wuri, na duba ko'ina ban ga ko mutum ɗaya daga cikin 'yan tawaga ba. Na kira Sakatare. Ya ce kada in damu, su ta Abuja za su tashi, za mu haɗu a Santambul inda ake sauya jirgi. A Santambul na zauna a bakin ƙofar da aka nuna mini ina kallon fuskoki har aka kira mu. Babu kowa. Na shiga jirgi na biyu ina ce wa kaina wataƙila sun riga ni isa.

Daga baya na san gaskiya. Makarantar da za ta koyar da mu ta aiko tun da wuri cewa ta ɗage karatun, domin a wannan watan mutanen ƙasar suke rufe wuraren aiki su tafi hutu. An sanar da sauran a guruf ɗin waya, an sauya musu tikiti. Ni ba a taɓa saka ni a guruf ɗin ba, aka manta da ni. Mantuwa, Alhaji, kowa yana yi, kuma da a nan abin ya tsaya da ban rubuta komai ba. Amma a lokacin da na kira Sakatare daga filin jirgi ya riga ya san babu wanda zai tashi a wannan mako. Maigidana da ya rako ni yana waje bai tafi ba. Kalma ɗaya ta isa in ɗauki jakata in koma gida. Ya zaɓi ya ce mini in shiga.

Na uku, halin da na tsinci kaina a ciki. Na sauka Bolonya da hantsi. Waɗanda muka zo tare kowa ya kama gabansa, masu ɗaga kwalaye da sunayen baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da jaka da ƙullin yajin da na taho da shi. Layin wayata ba ya aiki. Na zauna har azahar ta yi, na samu wani lungu na shimfiɗa mayafina na yi sallah. Da na sallame sai na ga wata baƙar mace da kayan aikin shara a tsaye tana jira na. Ta yi mini sallama irin tamu. Sunanta Awa, mutuniyar Senegal ce. Turancinta kaɗan ne, ni kuma ban san nata yaren ba, amma ta gane. Ta haɗa mini wayata da intanet ɗin wurin, na kira Sakatare bai ɗauka ba, na kira Malam na gaya masa komai. Sannan ta duba adireshin masaukin da ke jikin takardar gayyata, ta raka ni har bakin tasi, ta yi wa direba bayani, ta rubuta mini lambarta a tafin hannuna.

Masaukin wani tsohon gida ne a cikin lungu, na wata dattijuwa mai suna Karla. Ta buɗe ƙofa tana kallo na da mamaki, domin ita ma an gaya mata sai mako mai zuwa baƙinta za su iso, kuma ɗakunan duk da mutane. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce wani abu da yarensu, ta jawo hannuna. Ɗakin 'yarta da ta yi aure ta buɗe mini, da hotuna da komai a ciki.

A nan gida kuwa, Malam Ilu ya hau babur ya bar gona a tsakiyar aiki ya nufi Rijiyar Zaki. Ya tarar da Sakatare a ofis. Amsar da ya samu ita ce: "Haba Malam, ai Malama mai ilimi ce, ba za ta ɓata ba." Ko zama ba a ce ya yi ba. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya gaya mini a waya cewa sai da ya fita ya zauna a gindin bishiya ya huce kafin ya iya tayar da babur.

Kwana na farko da na biyu ban leƙa waje ba. Ina zaune ina jin ƙarar ƙararrawar coci, ina cin ƙuli-ƙuli da dabino. An gargaɗe ni cewa mutanen garin suna sa naman alade a kusan komai, don haka duk abin da Karla ta kawo sai in girgiza kai. Abin ya dame ta. Daga ƙarshe na ɗauki biro na zana mata alade a takarda na ja layi a kai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, domin abin da na zana ya fi kama da tunkiya. Amma ta fahimta. Ta fito da sabuwar tukunya daga kwali, ta wanke a gabana, ta dafa taliya da tumatir da man zaitun kawai. Na barbaɗa yajina na ci na ƙoshi. Ita ma ta ɗanɗana yajin, ta sha ruwa kofi biyu, washegari kuma ta sake tambaya.

Ita ce ta kore ni waje. Ta nuna mini taga, ta nuna ƙafafuna, ta miƙo mini makulli. Na fita ina bismilla.

Alhaji, garin nan tsoho ne ƙwarai, kusan duk da jan bulo aka gina shi. Abin da ya fi burge ni shi ne rumfunansa. Kowane titi akwai doguwar rumfa ta gini a gefensa, mai ginshiƙai, mutum zai yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa shi ba. Na tuna yaranmu da ke tafiya makaranta cikin zafin bazara. A tsakiyar gari akwai wasu dogayen hasumiyoyi biyu, ɗaya ta karkace kamar za ta faɗi, amma mutane na wucewa ta kusa da ita ko ɗaga kai ba sa yi. Na shiga kasuwar kayan miya na ga tumatir iri-iri, dogo da kewayayye da ƙanana waɗanda ko goruba ba su kai ba, na yi ta juya su a hannu har mai rumfar ya yanka mini ɗaya.

A wannan fitar ce na ɓata. Rumfunan duk kamarsu ɗaya, lungu yana shiga lungu, ga cajin wayata ya ƙare. Rana ta take, shaguna a rufe, titi babu kowa sai tattabaru. Na yi ta zagaye ina dawowa wuri ɗaya. Kaina ya fara sarawa irin na hawan jini, kuma maganin yana ɗaki. Na zauna a matakalar wani gini, na tuna cewa idan na faɗi a nan babu wanda ya san sunana balle garinmu. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Da na gaji na share fuska, na sha ruwa a wani famfo na gefen hanya, na ɗaga kai sai na hango kan hasumiyar nan ta saman rufin gidaje. Na tuna da na fito da safe tana hannuna na dama. Na nufe ta a hankali ina hutawa, daga gindinta na gane lungunmu. Karla tana bakin ƙofa tana leƙen hanya.

Daga ranar tsoro ya sake ni. Kullum bayan na sha magani sai in fita. Ranar Juma'a Awa ta zo ta kai ni masallacinsu, wani ɗan wuri ne da aka gyara daga shago, na yi sahu da matan Maroko da na Bangaladash. Wata rana kuma na bi wata rumfa da ta haura dutse har can sama, ina tafiya ina zama, tsofaffi suna wuce ni suna yi mini murmushi. Daga saman na ga gonakinsu a shimfiɗe, kore da ruwan ƙasa, an yanka su gida-gida kamar namu. Na daɗe a tsaye. Ni Rabi, da ko kasuwar Dawanau ban cika zuwa ni kaɗai ba. Na kira Malam daga can na juya masa wayar ya gani, sannan ya ce, "To, Allah ya tsare. Kin sha maganinki?"

Da 'yan tawaga suka iso, ni na je na taro su. Ni na nuna wa Hajiyar Bici inda ake sayen burodi da kifi, da hanyar masallaci. Karatun ya yi amfani, na gode wa ƙungiya a kansa. Tuni matanmu suka fara shanya a kan raga maimakon ƙasa, kauɗarmu ta bana ja ce, babu yashi.

Amma ina roƙon kada wannan ya zama hujja. Na ji ana cewa a ofis ai ga shi ba abin da ya same ta, har yawon buɗe ido ta yi. Allah ne ya tsare ni, ya haɗa ni da mata biyu da ba su san ni ba, ba kuma ƙungiya ce ta ajiye su a hanyata ba. Da Hajiyar Bici aka yi wa haka, wadda ba ta jin Turanci ko kaɗan, ban san labarin da za a bayar yau ba.

Buƙatuna kaɗan ne. Ina roƙon ka kira Sakatare a gaban shugabanni ya faɗi dalilin da ya sa ya ce in shiga jirgi. Ban nemi a kore shi ba, yana da iyali. Ina roƙon ya dawo zauren da ya zauna ya yi alkawari, ya ba Malam Ilu haƙuri, ya shiga ya gaida tsohuwata. Ina roƙon daga yau duk wanda za a tura waje a kira shi baki da baki idan an samu sauyi, domin ba kowa ne a ƙauye yake da babbar waya ba, kuma a ba shi lambar wani mutum a can da zai ɗauka idan an kira. Sannan ina roƙon a aika wa Karla da Awa godiya da sunan ƙungiya. Ni na yi tawa, amma baƙuwarku suka riƙe.

Akwai dalilin da ya sa na matsa. An ce baɗi za a sake tura wasu mata, kuma sunan Saude, mafi ƙwazo a cikin matanmu, yana ciki. Shekaranjiya mijinta ya yi sallama da ni bayan la'asar. Ya ce shi bai san kowa a ofis ba, ni ya sani, in gaya masa tsakanina da Allah ko ya bar ta ta tafi. Ina son ta je. Ina son ta ga abin da na gani, ta dawo da abin da ya fi nawa. Amma na kasa ce masa e. Na ce ya ba ni lokaci, na rubuta wa Shugaba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya haɗa ka da mataimaka masu gaskiya. Allah ya ba mu rani mai albarka. Mijin Saude yana jira na, ni kuma ina jiran ka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Rabi,
daga karkarar Dawakin Tofa.