Minti Ashirin da Uku Suka Rage wa Babana

Zuwa ga Shugaba da dattawan kwamitin masallacinmu, Greensboro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga iyayenta, ni ce Hadiza, 'yar Malam Idi mai gyaran mota a High Point Road. Bana na gama karatun nas, ko wata biyar ban cika a bakin aiki ba. Sau uku ina gyara takardar nan don tsoron kada na faɗi abin da ba haka yake ba.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Salla na roƙi minti goma bayan Juma'a, in yi wa jama'a bayanin shanyewar ɓarin jiki. Aka ce in bari tukuna in san aikin. Na roƙa a karo na biyu, ba a amsa ba.

Na biyu. Asabar uku da suka wuce Baba ya dawo daga Azahar, ya zauna cin abinci. Cokali ya faɗi daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Mama ta yi yadda muka saba, ta kira manya. Mutum huɗu suka zo da gudu, Allah ya saka musu. Aka shafa masa man zafi, aka yi tofi, aka kawo rubutu a kofi, aka ce iska ce, a ga yadda zai kwana. Na shigo da ƙarfe uku saura minti goma. Na karɓe kofin, domin mai wannan ciwo yakan kasa haɗiya, ruwan ya tafi huhu. Na kira 911, lambar neman motar asibiti ta gaggawa. An ce na yi wa manya rashin kunya. Ina ba da haƙuri kan ɗaga murya, amma kiran ko gobe zan sake.

Na uku. A asibitin da ya fi kusa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Ba a ga zubar jini ba, ke nan gudan jini ne ya toshe jijiya. Akwai allurar da ke narkar da shi, sai dai ba a yin ta in an wuce awa uku daga lokacin da aka ga mutum lafiyarsa lau, don tana iya jawo zubar jini. Likita ya tambayi lokacin. Babu wanda ya duba agogo. Ya ce in babu lokaci, babu allura.

A nan Alhaji Garba, limaminmu, wanda ya biyo mu asibitin, ya ceci Baba. Ya ce ana sallamewa suka gaisa, Baba ya matse masa hannu har yana yi masa tsiyar ya tsufa. Jam'in Azahar a wurinmu ƙarfe ɗaya da rabi ne, Alhaji kuwa ba ya jinkirta shi ko don wa. Na ce wa likita ya rubuta biyu saura minti ashirin. Aka fara allurar da ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai. Minti ashirin da uku suka rage. Da robar maganin a hannunsa aka sa shi a ambulan zuwa babban asibitin da ke da likitocin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ƙara yi yanzu: a fara magani inda aka fi kusa, a ƙarasa a can.

Kwana shida ya yi. Yau Baba yana tafiya ba sanda, yana alwala da kansa, yana faɗa da Mama kan ta hana shi gishiri. Harshensa da ɗan nauyi har yanzu. Alhamdu lillahi. Ba kowa allurar ke yi wa haka ba, amma wanda ya makara ko gwadawa ba a yi masa.

Ga roƙona. A ba ni minti goman nan. A sanar cewa in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, 911 ake fara kira, a duba agogo, sannan a kira manya. Addu'a tana iya bin motar a baya. A kuma yarda in manna takardar alamomin a ƙofar maza da ta mata.

In har yanzu ana ganin na yi ƙanƙanta, Baba ya ce shi zai miƙe ya yi bayanin da bakinsa, ni in tsaya a gefe ina gyara masa lissafi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare gidajenku daga irin wannan rana.

Wassalam.

'Yarku,
Hadiza